Gwamnan Cikin Kwamfuta

Tsibirin Likoma, farkon damina

Wongani,

"Yaya, kafin damina zan dawo in gyara kwamfutar, ba za ta sake cinye miki batir ba." Maganarka ce, a bakin jirgin ruwa, bayan mun binne Mama. Damina ta biyu ke nan. Ina gaishe ka, tunda an koya mini gaisuwa. Yaya Lilongwe, yaya matarka?

Kwamfutar ɗakin karatu tana nan yadda ka bar ta. Da na kunna ta sai fankarta ta ɗau kuka kamar injin niƙa, alhali littafi kawai muke buɗewa. Hadari ya rufe sola, batir ba ya kaiwa la'asar. Matan da nake koya wa karatu kuwa sai sun gama shanya kifi suke zuwa, su tarar da ita a mace. Sun fara janyewa. Nyamwale, wadda ta kusa iya karanta katin asibitinta da kanta, ta ce mini, "Malama, injin nan naki ya fi mijina saurin gajiya." Muka yi dariya. Ba ta sake zuwa ba.

Tunda ba ka ɗaga waya, na zauna na karance littafin na'urar. Ashe a cikinta akwai wani abu da ku masana kwamfuta kuke kira gwamna, shi ke yanke saurin da ƙwaƙwalwarta za ta yi aiki. Akwai mai gudu ko da aiki ko babu, akwai mai tattalin wuta. Namu mai gudu ne, ɗan almubazzaranci. Na nemi in tsige shi, ta ce sai da kalmar sirrin mai gida. Mai gidan kuwa kai ne.

Aiko mini da ita.

Yayarka,
Tiwonge

Lilongwe

Yaya Tiwonge,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Muna lafiya, Lusungu tana gaishe ki.

Ba mai gudu na bar miki ba. Ranar da zan tafi, da hannuna na ɗora mai tattali. Abin da ban yi ba shi ne rubuta shi a inda na'urar ke dubawa idan ta tashi. Shi ya sa da batir ya mutu aka sake kunna ta, sai ta manta, ta koma wa tsohon. Aikin bai wuce rubuta layi ɗaya ba.

Na san da haka tun a ranar, Yaya. Na bar shi ne don in sami dalilin dawowa. Gidanmu babu Mama, ban san yadda zan shigo shi ba in ba da aiki a hannuna ba. Sau biyu ina sayen tikiti ina fasawa.

Kalmar sirri kuwa ba zan aiko ba, kuskure kaɗan sai komai ya lalace. Ki ƙara haƙuri zuwa bikin Ista.

Ƙanenki,
Wongani

Likoma

Wongani,

Na sami takardarka, ina amsa gaisuwar Lusungu.

Wato igiya ka ɗaura wa kanka, sai ka ɗaura ɗaya bakin a wuyan ɗalibaina. Gidan da kake tsoron shiga, ni nake kwana a cikinsa. Kullum ni kaɗai nake tuƙa tuwo, har yau kuma hannuna na mutum biyu yake aunawa. Ban fasa tikitin komai ba, don ba a ba ni zaɓi ba.

Jirgin ƙarshen wata zai iso ran Asabar. Ko ka sauko daga cikinsa, ko kalmar ta sauko. In babu ko ɗaya, ran Litinin zan goge na'urar kaf in ɗora mata sabon tsari. Na riga na kwafe littattafan, na kuma karanta yadda ake yi. Zan sa kalmar sirrina, in naɗa gwamnana, in rubuta shi inda ba za ta manta ba. Sannan in bi gida-gida in dawo da matan.

Bayan nan duk ranar da ka zo, babu aikin da ke jiranka. Sai ni.

Ka huta lafiya.

Tiwonge