Babana Ya Rufe Littafin, Ya Daina Kallon Idona

Hajiya, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki ɓoye sunana. Tsoro ne ya cika min ciki, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni malamar firamare ce. Mahaifina ma'aikacin wuta ne a wata masaƙa, shekararsa ashirin da bakwai a can. Idan inji ya tsaya shi ake nema, yana jin ƙararsa ya san inda matsalar take. To, bana sababbin shugabanni suka ce duk mai taɓa wayar wuta sai ya zauna jarrabawa a rubuce, wanda ya faɗi a sallame shi. Saura mako biyar. Baba yana iya karatu, amma a hankali, yana bin layi da yatsa. Tun yana aji huɗu ya bar makaranta.

Shi da kansa ya same ni, bayan ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce in riƙa duba masa littafin da aka raba musu. Muka fara zama a falo kullum bayan la'asar. Na tsara masa jadawali irin na ɗalibaina, har da jan biro. Amma da ya ga takardar tambayoyi sai zufa ta karyo masa. Mutumin da ke kama waya mai wuta ba ya ko ƙifta ido. Abin da ya amsa daidai jiya, yau sai ya kasa.

Ranar Talatar da ta wuce na yi masa tambaya ɗaya sau huɗu. Na gaji, na dawo daga aji mai yara sittin, sai bakina ya suɓuce na ce wannan ai ɗan aji uku ma ya san shi. Gaban Mama da ƙanwata na faɗa. Ya cire tabarau, ya rufe littafin, ya ce an gode, Malama. Bai taɓa kira na Malama ba sai ranar.

Tun daga nan kullum sai ya ce ya gaji. Yana amsa gaisuwata, amma ba ya kallona. Shekaranjiya na leƙa ɗakin da yake ajiye kayan aikinsa, na gan shi tsugune da littafin, leɓensa na motsi, shi kaɗai. Na juya da sauri kafin ya gan ni.

Ina tsoron ya faɗi, a kore shi a waɗannan shekarun nasa, ga hawan jini yana fama da shi. Ina tsoron ya ƙi zuwa jarrabawar ma gaba ɗaya, don Mama ta ce ya fara zancen ajiye aiki. Abin da ya fi tsorata ni shi ne in zama ni ce na karya masa zuciya. Shekara takwas ina koyarwa, ashe ban iya ba? In nemo masa wani malami ne, ko hakan zai ƙara masa kunya?

Malama mai fargaba

'Yata,

Kin yi kuskure, kin kuma san kin yi, don haka ba zan tsaya yi miki faɗa ba. Gajiya ce ta yi magana, amma kunnen uba ne ya ji, a gaban iyalinsa. Shi ma ki duba nasa ɓangaren. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya zauna ɗalibi a gaban 'yar da ya yi wa rainon hannu. Amma wanda ya ɓuya yana karatu shi kaɗai bai haƙura da jarrabawa ba. Falon ne ya guje wa.

Ki fara da ba shi haƙuri yau, ku biyu kawai. Ki durƙusa ki faɗi abin da kika yi a taƙaice, kada ki kawo uzurin gajiya, kada kuma ki yi kukan da zai sa shi ya koma lallashinki.

Daga nan ki ajiye jadawalin da jan biron. Yaranki na aji ba su san abin ba, ke kike cusa musu. Babanki ya san aikin fiye da wanda ya rubuta tambayoyin, takardar ce kawai baƙuwarsa. Ki bi shi ɗakin kayan aikinsa, ki roƙe shi ya koya miki. Ki karanta tambaya kamar ke ce ba ki gane ba, ya nuna miki da waya da filaya a hannu. In ya gama bayani, ki nuna masa cewa amsar da ya bayar ita ce a rubuce, ya karanta ta da bakinsa. Minti ashirin ya isa, kuma ku tashi a kan tambayar da ya ci. Sai a makon ƙarshe ki kawo agogo da takarda irin ta jarrabawa, shi ma da yardarsa.

A duba idonsa, wataƙila tabaran sun tsufa, a kuma auna jininsa. Ki ba shi shawara ya tambayi ofis ko ana yarda a karanta wa mutum tambayoyi ko a ƙara masa lokaci. Shi zai tambaya, kada ki je a bayan idonsa. Maganar wani malami kuwa, ki bar masa zaɓi. In ya fi sakewa da abokin aikinsa, ki yarda da zuciya ɗaya, ba kasawarki ba ce.

Ba zan ce miki lallai zai ci ba. Amma ko ya ci ko ya faɗi, ki tabbata ya shiga ɗakin jarrabawar yana sane da cewa darajarsa a idonki ba ta rataye a kan takarda ba. Allah Ya ba shi nasara, Ya sanyaya miki zuciya, Ya ƙara albarka a tsakaninku.