Hodar Ye-seul da Rabin Tumbina

Sinan, 6 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Hyang-suk,

Gaisuwa mai yawa daga gida, tare da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya a can Toronto. Kullum muna roƙon Ubangiji ya tsare ki, ya sauƙaƙa miki aikin asibitin nan. Mahaifiyarki na nan ƙalau, sai gwiwar da kika sani, kuma ta riga ta shanya barkonon bana. Da hannuna nake rubuto miki. Malamar ajinmu na yaƙi da jahilci ta ce yanzu baƙaƙena sun daina jingina da juna kamar mashaya.

'Yarki Ye-seul ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san yadda rana ke kumbura mata fuska, duk man shafawar da aka gwada kuma raɗaɗi yake mata. Shekara biyu ke nan tana kallon wasannin makaranta ta tagar aji. A watan jiya likitar fata ta ba ta wata hoda, ta ce farin ma'adini ne da ake haƙowa a niƙa. Wai zama take a kan fata ta tare rana. Ta ce in an shafa da kauri, an haɗa da malafa da riga mai dogon hannu, yarinyar za ta iya fita gudu bana. Hyang-suk, shekara hamsin na yi a gonar gishiri, rana na dukana ta sama, ruwa na maido mini ita ta ƙasa. Ban yarda garin dutse zai iya da ita ba, kuma ba da fuskar jikata za a yi gwaji ba.

Sai na ce a fara da ni. Mahaifiyarki ta ce wai fatata ai ta riga ta zama busasshen kifi, me rana za ta ƙara mata? Gaskiyarta. Amma akwai tumbina, wanda bai taɓa ganin rana ba, fari sol kamar awara. Na tuɓe riga, na shafe ɓangaren dama, na bar hagu, na ɗauki manjagara na shiga tara gishiri. Maƙwabcinmu Chil-bok ya yi dariya har ya zube a kan buhu, yana tambaya yaushe za a kai amarya, kuma wane marar sa'a ne angon. Na ce masa ko ba hoda na fi shi kyau. Duk bayan awa biyu ina ƙara shafawa, kamar yadda na karanta a bayan gwangwanin, ni da kaina, ba wanda ya taya ni.

Da la'asar na tsaya gaban madubi. Hagu ya yi jawur kamar dafaffiyar ƙaguwa, dama kuwa da ƙyar ya sauya, ga layi ya bi ta kan cibiya. Na daɗe a tsaye ina kallo. Ƙurar da numfashi ke iya hurewa, ita ce ta tsaya tsakanina da ranar da ta gasa ubana da kakana!

Ranar Juma'a Ye-seul ta yi gudu. Su biyar ne, ta zo ta huɗu, malafar na lilo a kanta, ni kuma ina bakin fili da hoda a hannu ɗaya, agogo a ɗaya. Na yi ihu har muryata ta dushe. Amma hankalina bai kwanta ba, don kin san sai washegari kumburin ke fitowa. Da safe ta fito karyawa, ni da mahaifiyarki muka zuba mata ido, har ta tambaye mu ko ta zama talabijin ne. Na kai ta bakin taga, na juya fuskar nan dama da hagu. Sumul, 'yata. Ko ƙurji ɗaya babu. Kafin ta gama miyarta ta ce in kai ta ta ga gonar gishiri da rana tsaka, wai ba ta taɓa ganin yadda take ƙyalli ba. Shekararta tara a tsibirin nan, kuma gaskiya ta faɗa. In likita ta yarda, Asabar za mu je.

Ki gaishe da ɗan baffanki Tae-gon da matarsa Nan-hui. Mahaifiyarki da Ye-seul na gaishe ki, haka ma Chil-bok, wanda yanzu yake neman in sam masa hodar don sanƙonsa. Rabin tumbina har yau saɓa yake, ban kuwa taɓa jin ciwo mai daɗinsa ba.

Ni ne mahaifinki,
Pyo Deok-man