Oktofus da Jawabina na Zumuntar Mata

Juma'a, 18 ga Agusta, 1978

'Yata Rifkatu ta ɓata mini jawabin da zan yi gobe a zumuntar mata. Sati biyu ina shirya shi a kan oktofus, dabbar tekun nan mai hannu takwas da na gani a littafinta na jami'a. Uwar takan zauna kan ƙwanta ba ci, har 'ya'yan su fito, sannan ta mutu. Na so matan Kafanchan masu barin yara su tafi yawo su ji kunya.

Da rana muna tsince acha na karanta mata. Sai ta yi dariya.

"Mama, ai ba ƙauna ba ce. An daɗe ana ganin haka ba a san dalili ba. Bara wani mai bincike ya cire mata wasu 'yan ƙwayoyin nama biyu kusa da idanu. Ta bar ƙwan, ta koma cin abinci, ta ƙara kwana."

Na ce, "To wa ya sa ƙwayoyin a wurin, malaminku?"

Ta ce, "Ni dai kada ki koya wa mata zama da yunwa."

Rashin kunya! Abin da karatu ke kawowa ke nan. Amma ba zan tsaya cikin majami'a in faɗi rabin gaskiya ba, kuma ba ni da wani jawabin.

Da yamma na juye wa Rifkatu namana kamar kullum. Ta mayar mini da shi cikin kwanona, ta tsaya a kaina. Na ci, don dai kada ya lalace.