Tsokar hantar yayana da kuka ɗiba

Zuwa ga shugaban babban asibitin da ake tura mu daga Birnin Gwari.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Sunana Tanko, manomi ne ni a Kazage. Ban yi boko ba. Matar ɗana ke rubutawa, ni ke faɗa, na kuma hana ta gyara min magana.

Na farko, shekaru ke nan ina riƙe da ku a rai. Da cikin yayana Garba ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, muka ratso dajin nan da shi lokacin da kowa ke tsoron hanyar. Kuka sa allura kuka ɗebi 'yar tsoka daga hantarsa, kuka ce za a duba, mu koma gida. Ya rasu kafin kaka. Har yau ba wanda ya gaya mana abin da aka gani.

Na biyu, ga abin da shirunku ya jawo. Ranar da Garba ya fara ciwo, furar maƙwabcinmu Malam Sale ya sha a gona. Sai gari ya ɗauka guba aka ba shi. Tun daga nan ba mai sa hannu a kwanon Sale, ko da suna ake a gidansa. Ni kaɗai nake ci, har ana cewa na sayar da ɗan'uwana.

Na uku, godiya, don ba na ɓoye alheri. Bana aka ga kullutu a hantar ɗana Isiya, na ce shi ke nan, an maimaita. Wata likita a wajenku ta zaunar da ni, ta yi min bayani da Hausa. Ta ce sankarar hanta na yawan sakin wani sinadari, wai furotin, a jini, na Isiya bai hau ba. Ta ce wannan kaɗai bai isa ba, sai da aka ɗebi tsoka aka zuba mata magani mai rina alamomin sankara, ba su fito ba. Ƙwayar ciwon hanta ce da shi, irin mai bin gida, an ɗora shi kan magani. Isiya na gona yanzu, ni ma barci ya dawo min. Alhamdulillahi.

To ashe tsoka na faɗin gaskiya haka! Ina ta Garba? In an rina ta, me ta nuna? In ta ɓace, ku ce ta ɓace. In tana nan, ku duba, ku ba ni in binne ta kusa da mai ita.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi wa likitar nan albarka. Amma Sale ya tsufa, ni ma haka. Ina so in tsaya a ƙofar masallaci in faɗi abin da ya kashe yayana, Sale na ji da kunnensa. Wani a cikinku ya amsa min.

Wassalam.
Tanko, Kazage.