Inci Biyu ko Inci Huɗu

Lahadi, 1 ga Oktoba

Da aka tashi daga sujada Fasto Culpepper ya ja ni gefe. Tun harbin da aka yi a wata coci can kudu da mu, dattawa sun yanke shawarar mutum uku su riƙa zuwa da bindiga a ɓoye. Ni aka ba bakin ƙofa. "Ɗan'uwa Wendell, shekara talatin kana raba wasiƙu a garin nan, babu fuskar da ba ka sani ba. Sharaɗi ɗaya ne, kada kowa ya gan ta a jikinka." Na ce to. Tsoro nake ji, amma na ce to.

Talata, 3 ga Oktoba

Na je shagon Royce mai sayar da bindigogi. Ya jera mini libarba biyu a kan gilashi, mai bututu inci biyu da mai inci huɗu. Ya ce gajeriyar tana shigewa ƙarƙashin kwat ba a sani ba, amma saitinta wuya, kuma tana dukan hannu. Doguwar tana kai harsashi inda aka aike shi, sai dai ɓoye ta aiki ne. Na saƙala doguwar a ƙugu, na sunkuya, ya fashe da dariya. "Dattijo, da wannan tumbin naka ai har makaho zai gan ta!" Sai surutu, kamar shi ba tumbin gare shi ba.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Na je coci da rana ba kowa, na auna da ƙafa. Daga ƙofa zuwa bencin mawaƙa taku ashirin da biyu. Matata Maxine tana zama a tsakiyar layin gaba na mawaƙa, daidai saitin ƙofa. Shekara arba'in da aurenmu, sai yau na lura da haka.

Asabar, 7 ga Oktoba

Filin gwaji a bayan shagon Royce. Na sa ya kafa takardar gwada saiti a taku ashirin da biyu. Da doguwar, biyar cikin shida sun samu. Da gajeriyar, mai cin harsashi biyar, biyu kaɗai. Na tambaye shi ina sauran ukun suka tafi. Ya ɗaga kafaɗa, "Cikin tudun ƙasa mana." To a cocinmu babu tudun ƙasa a bayan kowa.

Litinin, 9 ga Oktoba

Hannu na ciwo. Barci rabi da rabi.

Laraba, 11 ga Oktoba

Na sayi gajeriyar. Fasto ya ce kada a gani, na bi maganar Fasto. Royce ya ce in yi ta zuwa gwaji, hannu zai saba. Maxine ta tarar da ni gaban madubi ina juyi da kwat ɗin Lahadi. "Kai tsoho, kwalliyar wa ake yi haka? Ko wata ka hango a layin baya?" Na yi dariyar dole. Ta san da maganar bindiga, ba ta san maganar ukun da suka ɓace ba.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Ana tsakiyar waƙa ta biyu wani ya turo ƙofa. Dogo, hular sanyi har gira, hannun dama cikin aljihu. Ban san fuskarsa ba. Na yi masa barka da zuwa, ko kallona bai yi ba, ya miƙe tsakiyar coci yana tafiya a hankali. Ban san lokacin da hannuna ya shige ƙarƙashin kwat ba. Ina kallon bayansa, ta gefen kafaɗarsa kuma ga fuskar Maxine, ido a rufe, tana rera waƙa. Yatsana har ya taɓa ƙarfe.

Sai Mama Odessa ta miƙe da sandarta ta ƙwala ihu, "Lamont! Ɗan banza, sai yau ka tuna kana da uwa?" Ɗanta ne, shekara tara yana aikin haƙar mai a teku. Abin da ke aljihun hankici ne, da shi ya share hawaye.

Na fita bayan coci na yi amai. Ba wanda ya lura, kowa na wajen rungumar Lamont.

Talata, 17 ga Oktoba

Na koma wurin Royce, na ce ko in canza da doguwar. Ya ce akwai mai inci uku, tsaka-tsaki. Na gwada, huɗu cikin shida. "Ai ka ci jarrabawa, Dattijo!" Na ce biyun fa? Ya ce ni dai na cika lissafi. Na dawo da tawa gida yadda na je da ita.

Maxine ta ce ba na cin abinci. Na ɗora wa maganin hawan jini laifi.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Na tsaya a ƙofa kamar kullum. Fasto ya zo wucewa ya ɗan daki ƙuguna, ya ji bindigar a wurin, ya gyaɗa kai. "Hankalina a kwance yake in kana nan."

Waƙa ta yi daɗi yau. Maxine ta ɗan kauce a baiti na uku, na tsokane ta a mota, ta ce kunnena ne ya tsufa. Ta buɗe akwatin gaban mota tana neman alewarta. Ta daɗe tana kallon harsasai biyar ɗin da na cire daga bindigar na ɓoye a cikin safar hannuna, sannan ta rufe, ta ce in tsaya mu sayi kaza, yau sai na ci da yawa.

Zan gaya wa Fasto. Ba wannan makon ba.