Ɗaya Cikin Uku Ba Ya Dawowa

Litinin, 3 ga Maris

Da mu shida ne a ofishin tantance takardun asibiti, yau saura ni kaɗai. Har kujerun an kwashe, an bar ɗaya ta baƙi. Tunda sabuwar doka ta hana kamfanonin inshorar lafiya ƙara kuɗi, ta kuma ce dole mu karɓi masu doguwar jinya, manaja kullum fuska a murtuke. Na ci abincina ina kallon bango.

Alhamis, 6 ga Maris

Manaja ya zo da sabon tsari. Duk takardar neman magani mai tsada, kar in ƙi ta, kar kuma in sa hannu. In mayar, in ce ana son ƙarin bayani. Wai sun lissafa, cikin mutum uku ɗaya ba ya dawowa.

Na ce, “Ranka ya daɗe, shi wanda bai dawo ba ina yake zuwa?”

Ya ce masu doguwar jinya asara ne, riba ta ragu da rabi, masu hannun jari na shirin janye kuɗinsu, in kamfanin ya rufe mutum dubu arba'in ne za su rasa madafa. Abin haushin, ba ƙarya yake yi ba. Amma dai motar tasa sabuwa ce fil. Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jinya kafin in zo nan, ban taɓa jin an kira majinyaci asara ba sai yau.

Talata, 11 ga Maris

Wani tsohon tela ya hawo bene hawa uku yana haki. Matarsa ake wa wankin ƙoda sau biyu a mako, kuma duk wata sai mun sabunta amincewa, in ba haka ba asibiti ba za su taɓa ta ba. Takardarsa na cikin waɗanda na mayar. Ya kawo ta a leda, har guga ya yi mata wai kar a ce ta yamutse!

“'Yata, me ya rage? In rubutun ne bai fita ba, a sake.”

Babu abin da ya rage. Kunya kamar in nutse. Na sa hannu. Ya zauna ya yi ta zuba, har da cewa wanda ya ɗinka mini rigar nan ya cuce ni a kafaɗa. Na yi dariya sosai. Rabon da wani ya zauna hira da ni har na manta.

Lahadi, 16 ga Maris

Auta ta kira daga jami'a, minti biyu. Tun rasuwar babanta ni kaɗai gare ta. Gidan shiru, ina jin kaɗaici ƙwarai.

Juma'a, 28 ga Maris

Manaja ya kira ni. Wai duk rassanmu ni ce na fi kowa sa hannu. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi masu neman kujerata suna da yawa. Har ruwa ya miƙo mini.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na mayar da goma sha huɗu. In ban karanta sunan ba abin ya fi sauƙi.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ran Litinin takardar matar tela ta iso daga asibiti. Na gane ta, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na mayar. Ai ba ƙi na yi ba. Yana shigowa zan sa masa hannu, ko zama ba sai ya yi ba, ni kuma lissafina ya fita a idon manaja. Ba wanda ya cutu.

Gobe amincewarsu ke ƙarewa, gobe kuma ranar wankinta.

Tun safe duk takun da na ji a bene sai in ɗaga kai. An tashi ƙarfe biyar, na ƙara rabin awa, har mai shara ta tambaye ni ko lafiya.

Benen ne da tsawo, shi kuma ga tsufa. Amma shi mai dawowa ne. Yana cikin biyun nan masu dawowa.