Littafin da Aka Buɗe ta Baya

Yamai, 9 ga Yuni 1984

Zuwa ga Yaya Dabora,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da Inna Yelwa. Yaya haƙurinmu na rashin Iliya?

Na san ba ku so aurensa da ni ba, 'yar Musulmin unguwar Bukoki, shi ya sa na daɗe ina juya alƙalami. Takabata ta kusa ƙarewa, Baba kuma ya ce in koma gida. Ban ba shi amsa ba.

Abokan aikinsa sun kawo min kayansa daga sansanin 'yan gudun yunwa inda kwalara ta kama shi: rigar asibiti da Littafi Mai Tsarki. Shi ya koya min karatun boko, amma ban taɓa buɗe littafin nan ba sai yanzu. Na fara da kogi mai ruwa garau da itace mai 'ya'ya kowane wata, har na yi murna. Da na ci gaba sai wuta, sai annoba, sai baƙin doki da tsadar hatsi. Yaya, abin da ya ishe mu a waje shi na tarar a ciki. Wannan yake karantawa kowace safiya yana murmushi? Na ji tsoro ƙwarai. Don Allah daga ina ake farawa?

Ki gaida Inna, in za ta amsa.

Zainabu

Dogon Dutsi, 24 ga Yuni 1984

Zainabu,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso. Na yi dariya har na koma kuka, rabona da dariya tun rasuwar ƙanena. Ta dama kika buɗe littafin, yadda kuke buɗe Alƙur'ani, sai kika faɗa Ru'ya ta Yohanna, littafin ƙarshe, kika biyo ta da baya. Yunwar ce a gaba, kogin shi ne ƙarshe. Can muke sa ran Iliya yake.

Fasto ya ce sabon shiga ya fara da Markus, gajere ne kuma a miƙe. Ki bar shi sai nan gaba. Ni dai na ce ki nemi littafin Rut, ta wajen hagu, babi huɗu kacal. Iliya ya sha karanta wa Inna shi lokacin da take fushi da aurenku, ita kuwa ta toshe kunne.

Na karanta mata takardarki. Ta gama tace anza tukuna, don 'ya'yan anza muke jiƙawa kwana uku mu ci, rumbu babu ko zangarniya. Sannan ta ce in gaya miki ki koma gidan ubanki. A Yamai aƙalla soja na raba jar dawa, nan kuwa ba ta da wani ɗa, ba ta da hatsi, idonta ma ya tafi. Ta ce ta yafe miki, ke ma ki yafe mata. Sauran magana ba ta takarda ba ce, kin san zamanin.

Allah ya ba mu haƙuri.

Dabora

Yamai, 8 ga Yuli 1984

Yaya,

Ina gaisuwa. Na sami Rut ba wuya, gefen shafin ya yi baƙi da yatsan Iliya. Na ga uwar mijin ta ce wa matar ɗanta ta koma gida, kalmomin Inna sak. Na kuma ga amsar da ta samu: inda za ki tafi, nan zan tafi.

Sallata tana nan yadda take, na gaya wa Baba haka, na ce wurinku zan zo, ya sa min albarka. Na karɓi rabona na jar dawa, tiya shida. Ranar Laraba zan shiga kamyon, babbar motar Dutsi.

Ki ce wa Inna ta ƙara anza a ruwa, mu uku ne. Markus kuma sai na zo, in karanta mata ta hagu.

Ƙanwarki,
Zainabu